Galan, Tiyo da Mazurari: Yadda Fetur Ya Zauna a Ƙofar Dumi

Ina ɗan shekara goma sha shida na san ɗanɗanon fetur. Ba ɗaci gare shi ba. Wani sanyi ne mai yaji da ke kama harshe, ya bi ta hanci ya hau ka, ka wuni kana gyatsarsa. Daminar 1994 ce, ma'aikatan mai suna yajin aiki kan soke zaɓen 12 ga Yuni, gidajen man Bauchi sun ɗaure ƙofofinsu da sarƙa. Kawuna ya dawo daga Jos da tankin Fijo 504 ɗinsa cike, bayan ya kwana uku a layi. Ya faka a ƙofar gidanmu a Ƙofar Dumi, ya miƙo mini guntun tiyo ya ce, "Zuƙo, amma da ka ji ya taho ka saki." Ban saki da wuri ba.

Washegari ya raba man biyu. Rabi ya bar wa mota, rabi muka ɗura a galan-galan na baƙin mai da muka wanke da omo. Abin da rabin nan ya kawo kafin la'asar ya fi abin da motar ke kawowa a kwana uku na jigilar fasinja. A takardar gwamnati lita tana naira uku da kwabo ashirin da biyar a lokacin. A kan bencina kuwa, farashi sai yadda na ga fuskar mai saye. Haka na zama ɗan bumburutu na wata biyu, da benci ɗaya, galan huɗu, mazurarin da aka yanko daga gorar roba, da tsohuwar safar da muke tace mai da ita. Don haka in na yi maganar sana'ar nan, ba ta tagar mota nake hango ta ba.

Ƙofar Dumi ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar Bauchi, garin da Malam Yakubu ya kafa wajen 1809, 'yar'uwar su Wunti da Ran da Wambai da Jahun da Inkil da Tirwun. Shekara kusan ɗari, makamashin da ke shigowa ta ƙofofin nan bai wuce itace a bayan jaki, gawayin maƙera, man gyaɗa da man kaɗe ba. Kakata ta tashi da fitilar kasko, wadda ake murza auduga a yi mata lagwani. Ta kan ce man da na hankali ne: ko ka jefa masa garwashi ba ya tashi, sai an yi masa lagwani an lallashe shi. A kan irin wannan man hannun mutanenmu ya koyi zuba da ajiya. Tulun mai na iya kwana kusa da murhu shekara da shekaru, ba abin da ya faru. Ina ganin a nan tushen matsalarmu yake, domin man ya canja amma hannun bai canja ba.

Turawa sun ci Bauchi a 1902. A bayansu kamfanonin ciniki suka shigo da kananzir cikin gwangwanin galan huɗu, biyu-biyu a akwatin katako. Gwangwanin nan shi ne garwa. In kananzir ya ƙare sai a yanke bakinta, a gicciya mata itace, ta koma ta ɗiban ruwa, ko ma'aunin man gyaɗa, ko a buɗe ta a lulluɓe ƙyauren ɗaki da ita. Da manyan motoci suka fara zarya tsakanin Jos da Bauchi, fetur ma a garwa da duro ya riƙa zuwa. Wato tun ranar farko, mai da ruwa mazubi ɗaya suka yi tarayya a kansa a garin nan. Jirgin ƙasa bai iso Bauchi ba sai farkon shekarun 1960, a hanyarsa ta zuwa Maiduguri, inda ya kai a 1964. Kawu ya riski famfon mai na hannu yana yaron mota: a yi ta buga mariƙi har mai ya hau cikin wata kwalbar gilashi a sama, kowa ya gan shi da idonsa, sannan a sake shi ya gangara cikin tanki. Har ya rasu bai yarda da mita mai lambobi ba. Ya ce abin da ido bai gani ba, sai dai a bar wa Allah.

Shekarun 1970 ne suka sangarta mu. Kuɗin Udoji na ƙarin albashi ya shigo aljihun ma'aikata, malamin firamare ya sayi Honda ko Vespa, akawu ya ɗauki bashin mota. Kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. A 1976 Janar Murtala ya ƙirƙiro Jihar Bauchi, garin ya zama babban birni, ma'aikata suka cika shi. Kafin ƙarshen shekarun aka kafa kamfanin Steyr a nan garin, yana harhaɗa taraktoci da manyan motoci. Lita ɗaya ta fetur ba ta kai kwabo goma ba har zuwa 1978, lokacin da Obasanjo ya kai ta kwabo goma sha biyar da ɗoriya. Kananzir kuwa kamar kyauta. Bakanike ya kan tsiyayo fetur a tasa ya wanke kafireto, ya wanke hannunsa, ya watsa sauran a ƙasa, kusa da inda yaronsa ke hura gawayin dafa shayi. Mata suna kashe kuɗin cizo da shi. Sunayen gidajen mai ma suka koma na gida: Esso ya zama Unipetrol, BP kuma gwamnati ta ƙwace shi a 1979 ya zama AP.

A zamanin nan ne aka ɗauki wani alkawari wanda ya haifi sana'ata ta wata biyu. Gwamnati ta ce farashin mai ɗaya ne a duk faɗin ƙasa, na Legas shi ne na Bauchi, shi ne na Gaidam. A 1975 ta kafa asusun daidaita farashi, mai biyan kuɗin dakon mai zuwa nesa. Aka gina matatar Kaduna, ta fara aiki a 1980, aka ja bututu daga can zuwa defo-defon Jos da Gwambe har Maiduguri. Bauchi tana tsakanin defo biyu, tanka ba ta yin rabin wuni a hanya. Tsari ne mai kyau muddin matata na aiki kuma bututu na ɗauke da mai. Da matatun suka fara ciwo, sai tanka ta koma ɗauko mai tun daga bakin teku, tafiyar kwana da kwanaki, a hanyar da kowace mararraba akwai mai son ya saye shi da tsada. Ga kuma iyaka. A lokacin, man da ke araha a Najeriya yana da tsada a Nijar da Kamaru da Chadi, kuma mai, kamar ruwa, gangare yake bi. A Maraɗi da Ƙonni ma sunan da suka ba man da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi ke nan, ruwa-ruwa. Ban taɓa jin sunan da ya fallasa yadda muka ɗauki abin nan kamar wannan ba.

Daga 1986, da Babangida ya kai lita kwabo talatin da tara da rabi, farashi bai sake zama wuri ɗaya ba. A Afrilun 1988 ƙarin kwabo biyu da rabi kacal ya tayar da ɗaliban Jami'ar Jos, tarzoma ta bazu garuruwa. Yaran yanzu in na gaya musu haka dariya suke yi. Shonekan ya kai ta naira biyar a 1993, Abacha ya sauke, sannan a ƙarshen 1994 ya tsayar da ita a naira goma sha ɗaya. Amma a shekarun nan tsada ba ita ce damuwa ba, samu ne. Kananzir ya ɓace har mata suka koma murhun dussar katako da aka laƙaba wa sunan Abacha. Mutum ya kai motarsa layi ranar Litinin, ya riƙa zuwa duba ta kamar mara lafiya a asibiti, ranar Alhamis a ce mai ya ƙare saura mota uku a zo kansa.

A nan bumburutu ya tashi daga lalura ya zama sana'a mai tsari. Bari in faɗi yadda muke yi, tun da na wanke hannuna. Akwai masu shiga layi da babur, a cika musu, su zagaya lungu su juye, su dawo. Akwai masu tsohuwar motar da ba ta zuwa ko'ina sai gidan mai, an kai ta wurin mai walda ya ƙara mata tanki na biyu a but. Akwai cinikin dare, bayan an kashe fitilar gidan mai an ce wa jama'a babu. Wannan ya sayar wa mai duro, mai duro ya sayar wa mai jarka, mai jarka ya ba mu yara. Galan ɗin Bature lita huɗu da rabi ne, namu na bakin titi lita huɗu ne, in an yi adalci. In ba a yi ba, akwai masu tsoma galan a ruwan zafi su matse cikinsa, ya kasance idonka na ganin galan amma tankinka na karɓar uku da rabi. Sai algus. Duk lokacin da kananzir ya fi fetur araha, a kan sirka. Tsofaffin direbobi ba sa sayen mai sai sun tsoma yatsa sun ɗaga shi a iska: fetur na gaskiya nan take yake bushewa ya bar fata fari fat da sanyi, mai sirki kuwa ya bar maiƙo. In kuma fetur ne ya fi araha, sai sirkin ya juya, a zuba shi cikin kananzir, kuma wannan shi ne mai kisa, don a fitila da risho yake ƙarewa, a tsakiyar ɗakin mata da yara.

Ban ga laifin yaron da ke zaune a bakin titi da galan ba, har gobe. Mutum ya ɗauko matarsa tana naƙuda da ƙarfe biyun dare, ba gidan man da ke buɗe, yaron nan ne zai fitar da shi kunya. A ƙauyukan da ke nesa da kwalta, shi ne gidan man gaba ɗaya. Abin da nake ƙi shi ne inda jarkar ke kwana.

Namu a zaure suke kwana, bayan ƙyaure. Wani dare a watan Agustan shekarar nan, an ɗauke wuta, ana yayyafi, wani mai babur ya buga ƙofa yana neman ko rabin galan. Ɗan kawuna, wanda ya girme ni da shekara biyu, ya ɗauko fitilar ƙwai. Ba wawa ba ne, ya san wuta da fetur ba sa haɗuwa, don haka ya ajiye fitilar a ƙasa can bakin ƙofa, taku huɗu ko biyar daga jarkar, ya tsuguna ya fara tsiyaya. Ina tsaye a bayansa da mazurari. Abin da na gani shi ne wata shuɗiyar wuta siririya ta taso daga gindin fitilar, ta biyo daɓen zauren a guje kamar an ja zare, ta zo ta kama bakin galan ɗin da ke hannunsa. Ba ƙara, sai wani "fuu" kamar an kaɗa babban zane. Ya yi jifa da galan, man ya fantsama, zauren ya zama rana. Maƙwabcinmu ya kawo bokitin ruwa ya watsa, wutar ta hau kan ruwan ta biyo shi har waje. Wani tsohon direban tanka da ke haya a layinmu ne ya daka mana tsawa, "Ƙasa! Ku kawo ƙasa!" Yashin ginin wani gida da ke jibge a lungun ne ya cece mu. Babbar jarkar tana rufe, Allah ya taƙaita ba ta kama ba. Ɗan'uwana ya yi wata uku yana jinyar hannunsa na dama, kuma har yau yatsunsa biyu ba sa miƙewa.

Da safe tsohon direban ya zaunar da mu ya yi mana karatun da ba a yi mana a makaranta ba. Ya ce ba ruwan fetur ke cin wuta ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake kwanciya ya malala kamar ruwa, ya bi lungu da kwata da ƙarƙashin ƙofa yana neman wuta. Ajiye fitila a ƙasa, in ji shi, gara ma a rataye ta. Fetur yana fitar da tururin nan ko a sanyin da ya fi na firji, shi ya sa ba shi da lokacin barci. Kananzir da dizal sai sun ɗauki zafi kafin su yi haka. Kuma mai ya fi ruwa sauƙi, yana hawa kansa, don haka mai watsa wa wutar fetur ruwa jirgi ya ba ta. Ya dubi Kawu, wanda ya girme shi, ya ce, "Yaya, ku yi haƙuri, amma da kun ajiye kura a zauren nan da ya fi muku sauƙi, ita ko ba komai ana jin kukanta."

Shekara huɗu bayan haka, a Oktoban 1998, bututu ya fashe a Jesse ta Jihar Delta, jama'a suka fito da bokitai, wuta ta ci sama da mutum dubu. Muka ce ai can Kudu ne. A Mayun 2019 tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutum sama da hamsin suka tafi. Daren 15 ga Oktoban 2024 wata ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, man ya cika kwata, mutane suka fito da robobi da kofuna cikin duhu. Wuta ta tashi ta ci sama da mutum 150, aka yi wa da yawansu kabari ɗaya. Wata uku bayan nan, 18 ga Janairun 2025, a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, aka kawo janareto don a juye man tankar da ta faɗi zuwa wata, sama da mutum tamanin suka ƙone. An yi ta cewa talauci ne, wasu suka ce kwaɗayi ne. Akwai duka biyun. Amma ni da na taɓa tsayawa da mazurari a zauren nan na san akwai na uku: mutumin da ke tsaye cikin fetur har idon sawu ya duba hagu da dama bai ga mai ashana ba, sai ya ɗauka lafiya. Bai san tururin ya riga ya yi tafiyar taku hamsin ya isa wurin salansar wani babur ba.

Ko a gidan mai na halal, dubi abin da muke yi. An manna hoton waya an ja mata jan layi, ma'aikaci zai yi maka faɗa in ka amsa kira, alhali masu binciken gobarar gidajen mai sun daɗe suna neman wutar da waya ta tayar ba su tabbatar da ita ba. Shi kuma ɗan acaɓa yana zaune daram a kan babur, tanki a buɗe tsakanin cinyoyinsa, inji na ci saboda batirinsa ya mutu ba ya son wahalar kiki, man na ɗiga kan kan-silinda mai zafi, ba mai ce masa uffan. Mai Keke Napep ya shigo da mata huɗu da goyo. Wani ya bar jarkar roba a cikin but a kan kafet ana ɗura mata. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni tsoro a lokacin hunturu. Kowa ya san yadda mayafi ke tartsatsi cikin duhu in iska ta bushe, ko yadda ƙofar mota ke ɗan jan mutum in ya taɓa ta a watan Janairu. Tartsatsin nan ya isa. Shi ya sa ake sauke jarka a ƙasa kafin a ɗura, a bar bakin famfon yana taɓa bakinta. A gida kuma, an kawo wuta an ɗauke, maigida ya fito da tocilan a baki yana ƙara wa janareto mai yana ci, don kada ƙwallo ta wuce shi.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ke ƙasa da naira ɗari biyu ta haura ɗari biyar cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Fijon Kawu, wadda na gada, na kuma kashe mata abin da matata ba ta sani ba har yau, ta koma fita ranar Juma'a kawai. A majalisarmu ta gindin dalbejiya, gefen garejin wani dattijon bakanike da duk muke kira Oga, hira ta tashi daga wace mota ta fi gudu ta koma me za a zuba mata.

Rikicin farko na suna ne. A bakin direban Arewa, gas shi ne dizal. A bakin matan gida, gas shi ne na tukunyar girki. Yanzu ga na uku, wanda gwamnati ta kafa wa shiri na musamman a 2023, matsattsiyar iskar gas da ake kira si-en-ji. Mun yi sati muna musu kafin mu gane ba abu ɗaya muke nufi ba. Na girki ruwa ne a cikin tukunya, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya kamar tururin fetur. Na mota iska ce zalla, ta fi iskar da muke shaƙa sauƙi, in ta sami kafa sama take yi ta watse. Ta wannan fuskar ta fi fetur hankali nesa ba kusa ba. Haɗarinta a matsi yake. Ana danna ta cikin tukunya da ƙarfin da ya kusa ninki ɗari na iskar da mai faci ke bugawa a tayar mota, sama da ninki ashirin na tukunyar girki. Tukunyarta ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera ba tare da ɗinkin walda ba, nauyinta ya fi buhun siminti, da kwanan watan gwaji a buge a wuyanta.

Oga bai yarda ba. Ya ce shi ba zai ɗauki iyalinsa a kan bam ba. Hujjarsa bidiyon da ya zagaya wayoyi a Oktoban 2024, na wata mota da ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin. Na ce, "Oga, ku tuna fa, a makon nan ne aka yi Majiya." A Benin mutane kaɗan suka ji rauni, kuma hukuma ta ce tukunyar haɗin walda ce, ba ta ƙa'ida ba. A Majiya an rasa fiye da 150. Amma a majalisa ba wanda ya ce zai daina hawa motar fetur. Ya yi shiru, ya ce, "Wancan mun saba da shi." Gaskiya ya faɗa, kuma sabo ake kira turken wawa. Shi kansa Oga akwai jarka biyu a ƙarƙashin bencin da yake zaune.

Wani abokinmu mai tasi, wanda ya ga yadda abin ke aiki a Abuja, lissafinsa daban. Ya ce a kuɗin kilomita gas ya fi araha ƙwarai, inji ya fi tsabta, baƙin mai ya fi daɗewa bai yi duhu ba. Aibinsa uku: motar ta kan rage ƙarfi kaɗan, za ka ji a hawan Jos, tukunya ta cinye rabin but, wurin da buhun fasinja ke zama, kuma cikin tukunya ɗaya ba ya kai ƙaramar mota Kano daga nan, sai ka murɗa makunni ka koma fetur. Mutanen Benin sun fi shekara goma suna hawa motar gas saboda bututu na bin ƙofar gidansu. Babban bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, mai tsawon kilomita 614, daga Ajakuta ya bi Abuja da Kaduna ya nufi Kano. Bai biyo ta Bauchi ba. Mu sai dai a kawo mana a bayan tirela, kamar yadda aka kawo wa kakanninmu kananzir a garwa. Abin dariya, a ƙasar Alkaleri, nan bayan gida, Shugaba Buhari ya zo a Nuwamban 2022 ya ƙaddamar da haƙar man Kolmani, inda aka ce akwai mai akwai gas.

Wannan nisan ne ke tsorata ni, ba tukunyar ba. Na san abin da ƙarancin kaya ke haifarwa a garin nan, don ni ma ya taɓa haifa ta. In gas ya yi araha amma wurin ɗura shi ya yi nisa, kayan juya mota kuma suka fi ƙarfin mai tasi, to za a sami mai waldar da zai ce zai iya. Za a sami wanda zai ɗauko tukunyar girki ko ta iskar walda ya ɗaura a but. Za a sami mai juye gas daga wannan tukunya zuwa waccan a lungu, kamar yadda ake yi da na girki yanzu a shagunan da ke jingine da masu suya. Galan ɗin da aka matse a ruwan zafi rabin lita yake cuta. Tukunyar da aka yi wa ɗinki ba ta san rabi ba.

Ƙaramin cikinmu, yaron da ke haɗa sola, dariya yake mana duka. Ya ce muna musu a kan wace wuta za mu ɗauka a but, shi kuwa ranar Bauchi kyauta take faɗuwa a kan kwano. Lokacin da Arewa ta yi kwanaki cikin duhu a ƙarshen Oktoban 2024, shagon cajin wayarsa ne kaɗai ke haske a layin. Ya kan kawo misalin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, wanda a zamanin shugabancinsa na hukumar ƙera motoci aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Ya kan kawo na Mustapha Gajibo da ya riƙa cire injin ƙananan bas a Maiduguri yana sa musu batir. Ina tare da shi a kan Keke da babur na cikin gari, masu zagaye tsakanin Wunti da Muda Lawal su dawo gida su kwana a caji. A kan hanyar Ningi da rana tsaka kuwa, tukuna. Na kuma tuna masa cewa batir ma yana da halinsa: na ruwa yana fitar da iska mai kama wuta in ana cajinsa a rufaffen ɗaki, na litiyam kuma in ya kama, kashe shi aiki ne. Na ga batura shida a ƙarƙashin gadon wani ango, an haɗa su da wayar rediyo.

Oga ne ya rufe zancen ranar da abin da ya ji a rediyo, cewa a baje-kolin Faris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa. Haka ne kuwa, an yi. Aka yi ta dariya, wani ya ce to a koma wa matan ƙuli-ƙuli, wani ya tuna shekarun da aka yi ta kururuwar za a yi dizal da cini-da-zugu, aka shuka, ba mai saye. Da kwalbar man gyaɗa ta fi litar dizal tsada, ba mai zuba abin miya a tanki. Ni dai na yi shiru ina tuna kakata da kaskonta.

Juma'ar da ta wuce na fito da Fijon, allurar mai tana kwance. A daidai inda bencina yake a 1994 yanzu akwai tebur mai hawa uku, jikan maƙwabcinmu ne a kai, wanda kakansa ya watsa ruwan nan. Galan-galan ɗinsa jere, da kwalaben lita ɗaya don masu babur, da na'urar karɓar kuɗi ta kati. A saman teburin ya ɗaure 'yar fitilar sola, allonta kamar tafin hannu. Na ji daɗin ganin fitilar. Sai na duba gefe, ga mai tsire ya kafa tukubarsa taku shida daga wurin, a gangare.

Na ce, "Kai, ɗauki can, in ɗauki nan."

Ya ce, "Baba, ai da nisa."

Na nuna masa kwatar da ta taso daga ƙarƙashin teburinsa ta bi ta gindin tukubar. Bai gane ba, amma ya ji kunyar furfurata, muka cicciɓi teburin muka kai shi sama da wutar, bayan turken lantarki. Mai tsire yana kallonmu yana juya nama. Na sayi galan ɗaya. Kafin ya juye na tsoma yatsa na ɗaga a iska, ya bushe fari. Yaron ya ɗauko mazurarinsa, gorar roba ce da aka yanke, da safa a bakinta.